Gatarin Adar da Tsofaffin Gaturan Turai: Ina Ingancin Yake?

A kasuwannin intanet na Amurka da Turai akwai wani ciniki da zai ba manomin Tsarnawa dariya in aka ba shi labarinsa. Mutum zai tono ruwan gatarin da ya shekara 70 a ɗakin ajiyar kakansa, duk ya yi tsatsa, ko ƙota babu, ya ɗauki hotonsa ya baje, masu saye su yi ta ƙari har kuɗin ya kai ɗaruruwan daloli, muddin dai ana iya karanta sunan da ke jikinsa: Kelly, Collins, Plumb ko Hults Bruk. A Birnin Ƙonni kuwa, ranar Laraba, maƙera da masu sari a hannunsu kan shimfiɗa ruwan gatari a kan buhu tare da na kalme da lauje da gizago, babu ko ɗaya mai ɗauke da sunan kowa. Mai saye ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa ya ji amo, ya shafa baki da babban yatsa, a yi ciniki ya wuce. A can suna ake saye, a nan ƙarfe. Abin da nake gani shi ne, ga irin aikin da ake yi a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela na Nijar, gatarin gida in ya fito daga hannun gwani ba zai ji kunyar tsayawa kusa da waɗancan manyan sunaye ba, a wasu ayyukan ma ya fi su. Abu guda ya rasa, kuma rashinsa na cutar mai saye da gwanin maƙeri baki ɗaya: alamar da za ta nuna hannun wa ya ƙera shi.

Kafin a auna waɗancan sunaye sai an san me suka yi har suka yi suna. Kamfanin Collins ya fara aiki a 1826 a jihar Connecticut ta Amurka, a wani wuri bakin kogi da daga baya ya zama garin Collinsville. A zamanin, manomi kan karɓi gatarinsa a dakushe daga maƙerin ƙauye, ya ɓata sa'o'i yana wasa shi kafin ya shiga daji. Collins ya riƙa sayar da nasa a wase, a goge, kowane ɗaya tamkar ɗan'uwansa, wannan kuwa shi ne ya ɗaukaka shi. Kelly ya soma ne a Kentucky, a 1904 ya koma Charleston ta West Virginia, a 1930 kamfanin American Fork and Hoe ya saye shi, wanda shi kuma ya sauya suna zuwa True Temper a 1949. Plumb na Philadelphia an san shi da jar ƙota da ƙananan gatura na 'yan sikawut. Da yawa daga cikin gaturan wancan zamani ƙarfe biyu ne aka haɗa da wuta: jiki na ƙarfe mai laushi da ke shanye dukan, baki na ƙarfe mai tauri da ke riƙe kaifi, har in aka goge tsatsar akan ga layin da suka haɗu. An yi su ne don mutanen da sara ne abincinsu, masu kwana a dajin da ake kayar da itatuwan da mutum biyu ba sa iya rungumewa, waɗanda in gatari ya ci amanarsu sau ɗaya ba za su sake kallon wannan sunan ba. Ingancin da ake yabo ya fito ne daga tsoron irin waɗannan masu saye.

Da zarto mai inji ya mamaye dazuzzuka a shekarun 1950 da 1960, waɗannan masu saye suka watse, kamfanonin suka shiga rage kuɗin ƙira: ƙasa da gogewa, ƙota marar kyau, fenti mai kauri da ke rufe aibi. Masana'antar Collins ta rufe a 1966, amma sunan bai mutu ba, an yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har yau ana buga shi a jikin gaturan da ba su haɗa komai da Collinsville ba. Wannan ne darasi na farko ga duk mai ɗokin tambari: sunan da ke jikin ƙarfe alkawari ne na wani mutum a wani zamani, in mutumin ya tafi alkawarin na iya zama wofi. Masu tara tsofaffin gatura sun san haka, shi ya sa suke haddace siffar kowane tambari da shekarunsa. Sai dai su ma akwai inda hanyarsu ta rabu da ta mai aiki. Gatarin Kelly da ake kira Black Raven, mai zanen hankaka a kumatunsa, na cikin mafi tsada a wurinsu, kuma farashinsa na hawa da sauka ne gwargwadon yadda zanen ya fito sarai. Zanen hankaka kuwa ba ya saran ice. Wanda ya sayi irinsa da tsada ba zai yarda ya kai shi ga dutsen wasa ba, don kowace gogewa asara ce. Mai aiki zai fi amfana da tsohon Plumb ko Kelly da tambarinsa ya shafe, wanda mai tarawa ba zai waiwaya ba, in dai bakinsa bai cinye ba kuma hujin ƙotarsa bai tsage ba.

Gaturan Amurka da na Suwidin ba su taɓa zama kayan yau da kullum a kasuwannin Adar da Ƙonni ba. Ƙarfen Turai da ya shigo yankin ya biyo hanyoyi biyu na cinikin mulkin mallaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta fara jefa Ƙonni a ɓangaren Ingila, sai gyaran iyaka na 1904 da 1906 ya mayar da ita hannun Faransa, amma bai raba ta da kasuwar Sakkwato ba, wadda ke ƙasa da kilomita 100 daga kudu. Ta kudu, layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929, kantunan John Holt da UAC suka baza kayan ƙarfe na yankin Birmingham, inda Elwell da Brades suka yi suna a kan gatari da fartanya, Ralph Martindale kuma a kan adda mai tambarin kada. Ta ɓangaren Faransa, CFAO da SCOA ne manyan 'yan kasuwa, su kuwa ƙasarsu na da nata maƙeran kayan aiki irin su Goldenberg da Talabot da Peugeot Frères. In har aka ci karo da tsohon gatarin Turai a wani gida a Illela ko Gidan Idar, hankali ya fi karkata ga ɗayan waɗannan. Abin lura shi ne, addar kanti ta samu karɓuwa a Afirka ta Yamma har Martindale ya kafa masana'antu a Gana da Najeriya, amma gatarin kanti bai kori na maƙera daga ƙauyukan Hausa ba cikin fiye da shekara 100. Manomin da ya karɓi keke da rediyo da injin ban-ruwa da wayar salula ba don ƙin sabon abu ya riƙe gatarin kakansa ba. Akwai dalili, kuma dalilin na cikin ƙirar gatarin.

Abu huɗu ke sa gatari ya zama na ƙwarai ko'ina a duniya: irin ƙarfen, yadda aka hora shi da wuta da tsomawa, siffar bakinsa, da zamansa a ƙota. Ƙarfen da zai riƙe kaifi sai yana da sinadarin kabon daidai gwargwado, wajen kashi 0.5 zuwa 0.7 cikin 100. Ana gasa baki har ya yi ja, a tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don ya rage gautsi. In aka zarce wajen tauri, baki ya riƙa ɓallewa a kan gaɓar ice; in aka gaza, ya lanƙwashe ya dakushe kafin hantsi. Kamfanonin Suwidin na yau suna tsayar da taurin bakinsu wajen 57 a ma'aunin Rockwell, da tanderu mai awon zafi. Maƙerin Badagishiri ba shi da wannan ma'auni, da ido yake karanta launin da ke gudu a kan ƙarfe, daga ruwan ƙasa-ƙasa zuwa shuɗi, kuma haka maƙeran Collins na farko suka yi ta yi shekara da shekaru. Gwaji ma ɗaya ne a Ƙonni da Connecticut: a ɗora magagari a kan baki, in ya ci da sauƙi ƙarfen ya yi laushi, in ya zame sam bai kama ba ya yi gautsi, na ƙwarai shi ne wanda magagari ke kamawa da ƙyar.

Inda aka rabu shi ne a ƙota. Gatarin Turai ƙarfen ne ke da huji, a zura ƙota a ciki a danne ta da ɗan tsinke daga sama. Na Hausa akasin haka ne: ƙota ce mai kai, a gasa wutsiyar ruwan a huda kan da ita, ruwan ya zauna a cikin ice. Wanda bai saba ba zai ɗauka koma-baya ne, amma in aka duba da kyau dabara ce ta ƙasar da ƙarfe ke da tsada kuma iska ke da bushewa. Nauyin da ke tura sara na cikin kan ƙotar, don haka ruwan ba ya buƙatar ƙarfe mai yawa. Kowane sara na ƙara tura wutsiya ciki, wato aiki na ƙara masa zama. Gatari mai huji kuwa, in hunturu ya busa, zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, ƙotar kan tsuke a cikin hujin, kai ya fara girgiɗi, wata rana ya fice ya yi tafiyarsa, abin da ke iya kashe na kusa. An yi hujinsa ne daidai da ƙotar icen hikori na Amurka ko makamancinsa na Turai, wanda injin kamfani ya sassaƙa. In ta karye a Tajaye, sai masassaƙi ya yi ta fama kafin ya fitar da wadda za ta cika hujin ba gibi. Ƙotar gatarin gida kuwa manomi da kansa kan zaɓo reshen aduwa ko magarya ko marke mai gaɓa a kai, inda jijiyar icen ta murɗe ba ta tsagewa da wuri, ya kai wa maƙeri a huda a yini guda. Ga kuma wata riba da ba a cika faɗa ba: akan iya buge ruwan ya fita a wasa shi shi kaɗai, ko a juya shi a wata ƙota ya yi aikin gizago.

Ƙarfen ma yana da tarihinsa. Adar ƙasar dutsen tama ce, maƙeranta sun daɗe suna narka ƙarfensu da kansu da gawayin ƙirya. Nicole Echard, masaniyar Faransa da ta yi shekaru tana bincike a kan Hausawan Adar, ta ɗauki wannan aiki a fim ɗinta Noces de feu na 1968, lokacin da narkar tama ke gab da ɓacewa, ta nuna yadda maƙera ke ɗaukar tanderu tamkar amarya, ƙarfen da ya fito kuma tamkar haihuwa. Abin da ya kashe narkar tama ba wani abu ba ne illa ƙarfen da ya zo a sauƙaƙe: sandunan kanti da farko, daga baya tarkacen motoci. Haka ya faru a Kano, kamar yadda Philip Jaggar ya bayyana a bincikensa kan maƙeran birnin, haka a Maƙera Assada ta Sakkwato. Mai son tarihi zai yi baƙin cikin wannan, amma mai sara bai yi asara ba. Sifirin ɗin mota, wato faranta masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin akori-kura da manyan motoci, ƙarfe ne mai kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, galibi da ɗan kuromiyom, an yi shi don ya lanƙwasa sau miliyoyi bai karye ba. Da wuya a samu abin da ya fi shi dacewa da gatari, maƙeran wuƙa na Amurka da Turai ma suna nemansa. Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza na kan babbar hanyar ƙasa ta 1, inda manyan motocin albasa da na siminti da na kayan Najeriya ke kai da kawowa, garejinsu ba sa rabuwa da karyayyen sifirin. Akwai ma wani abin mamaki a nan: gidan Peugeot tun 1810 da ƙera ruwan zarto da sifirin ya fara, zakin da ke tambarinsa an yi masa rajista a 1858 don kayan aikin hannu, tun ba a san mota ba. Ƙarfen wannan gida ya fi isa hannun manomin Adar ta ƙarƙashin tsohuwar mota 404 ko 504 mai buɗaɗɗen baya fiye da yadda ya taɓa isa ta kantin CFAO.

Sai a dubi aikin kansa. A yankin da ruwan sama ke tsakanin milimita 400 da 600 a shekara, babu dajin da ake kayar da manyan gungume. Abin da ake sara shi ne sabara da geza da kalgo lokacin sassabe, kututture da saiwa a cikin ƙasa mai tsakuwa, ƙaya don shinge, reshen gawo ko bagaruwa ga dabbobi in rani ya tsananta, busasshen ice mai tauri na girki. Siririn bakin gatarin gida na tara ƙarfin sara a wuri kaɗan, ya nutse a icen da faffaɗan baki zai yi tsalle a kansa, kuma yana shiga tsakanin rassan da suka cunkushe. In ya ci karo da dutse, abin da ba makawa a fako da tsaunukan Adar, asarar ba ta da yawa, maƙeri zai mayar da shi wuta ya sake fitar da baki. Tsohon Kelly mai siririn baki da aka hora don icen dazuzzukan arewacin Amurka, sara ɗaya a kan marmara ya isa ya ɓalle masa gefe, in kuma irin mai ƙarfe biyu ne, da zarar an cinye bakin mai tauri sauran jikin ba ya riƙe kaifi. Amma a faɗi gaskiya, akwai inda na Turai ya yi fintinkau. Wurin faskare, kaurin kumatunsa da nauyinsa na buɗe gungume da sara biyu inda na gida zai nutse ya maƙale. Wurin datse babban dogonyaro, faffaɗan bakinsa na fitar da manyan ɓarɓashi, aiki ya yi sauri. Mai faskaren ice a cikin garin Ƙonni da ya zaɓi gatari mai huji bai yi kuskure ba, in kuma ya dace da tsohon Elwell ko Goldenberg mai lafiya, ya riƙe shi da kyau, ya fi mafi yawan sababbin da ke zuwa a kwali. Na gida kuma yana da nasa rauni: kan ƙota na tsagewa, wutsiya na lanƙwashewa in ba a yi ta da kauri ba.

Babbar hujjar masu sukar gatarin gida ita ce rashin tabbas, kuma hujja ce mai ƙarfi. Za su ce gatura goma na kamfani ɗaya duk ɗaya suke, goma na kasuwar ƙauye kuwa goma ne daban-daban. Haka ne. Wani maƙerin da sifirin yake aiki, wani da rodin gini da bai da kabon ɗin da zai riƙe kaifi, wani da duk ƙarfen da ya samu da araha. Sifirin ɗin ma in ya gaji yana da ƙananan tsaga da ido ba ya gani sai an tsoma shi sun buɗe. Bayan an fito da su daga wuta duka baƙaƙe ne, kamanninsu ɗaya, an ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin na faruwa ne a gona, bayan kuɗi sun riga sun fita. Abin da ke biyo baya sananne ne a kowace kasuwa: in mai saye ba ya iya bambance na kirki da na banza, ba zai biya fiye da kuɗin na banza ba. Gwanin da ya sayi sifirin da tsada, ya ƙona gawayi mai yawa, ya ɓata lokaci wajen tsomawa, sai ya tarar farashinsa ɗaya da na mai rodi. Ko dai ya haƙura da asara, ko ya bi sahu. Sannan ga gaturan Sin masu fenti da ke shigowa ta Sakkwato da Kano, su ma wasu na kirki wasu na banza, amma aƙalla suna da kamannin abin da aka tsara. Wannan suka ba ta rushe abin da na faɗa ba, ita ce ma ta nuna inda ciwon yake. Matsalar ta gane hannu ce, maganinta kuma ya fi kowane magani araha.

Suwidin ta riga ta gwada shi. Kamfanin Gränsfors Bruk, wanda aka kafa a 1902, ya kusa durƙushewa a gasar araha ta bayan zuwan zarto mai inji. Da Gabriel Brånby ya karɓe shi a tsakiyar shekarun 1980, sai ya daina goge jikin gatari da shafa masa fenti, ya bar sawun guduma a fili, ya kuma sa kowane maƙeri ya buga haruffan farko na sunansa a kan duk ruwan da ya ƙera, tare da lamunin shekara 20. Yau gaturansa na cikin mafi tsada a duniya. In aka cire injinan, abin da ya yi komawa ce ga tsarin maƙerin ƙauye, inda ake sanin wa za a kama in aiki ya ɓaci. Za a iya cewa ai mu ba mu taɓa barin wannan tsari ba, kowa a ƙauyensa ya san maƙerinsa, ya san gidansu tun kakanni, me zai yi da tambari? Wannan gaskiya ne ga wanda ya taka har maƙera ya zauna ana zuga-zugi ana ƙera masa. Amma kaso mai yawa na kayan ƙira yanzu ta hannun masu sari yake bi, daga kasuwa zuwa kasuwa, daga Badagishiri zuwa Gidan Idar zuwa Ƙonni, ya tsallaka Illelar Najeriya. Da ruwan gatari ya bar garinsu, sunan mai shi ya tsaya a baya. Ga kuma Adarawa 'yan cin rani da ke dawowa dab da damina su sayi kayan gona cikin gaggawa a duk kasuwar da mota ta ajiye su.

Wani zai ce da zarar alamar wani maƙeri ta yi suna za a kwaikwaye ta. Za a yi, babu shakka. An yi wa Collins, har kamfanin ya kai ƙarar masu buga sunansa a kotunan Ingila a 1857, daga baya ya ƙara tambarin Legitimus mai kambi da hannu riƙe da guduma. Ba a jabun abin da ba shi da daraja, kuma bai kamata tsoron ɓarawo ya hana gina rumbu ba. Gundumar Malbaza ma ta san wannan yaƙi fiye da kowa. Albasar Galmi ta yi suna daga Abijan zuwa Akara, har wani kamfanin iri na waje ya nemi mallakar sunan a hukumar OAPI da ke Yawunde, manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, daga ƙarshe aka yi wa Violet de Galmi rajista a matsayin sunan da ke da asalin wuri, tare da kilishin Nijar. Gatari bai kai albasa kuɗi ba, ba kuma sai an je Yawunde ba. Maƙera na da abin da manoman albasa ba su da shi: tsarin sarauta na sana'a. Sarkin Maƙera a ƙarƙashin Sarkin Ƙonni ko Sarkin Adar na Illela ya san gidajen ƙira na ƙasarsa, kuma a sana'ar da ake gado, wadda kowa ya san ɗan wane ne wane, satar alamar ɗan'uwa abin kunya ne da ba sai an kai shi gaban alƙali ba.

Akwai sukar da ta fi waɗannan nauyi, ta masu cewa a ƙasar da hamada ke matsowa, kuma mafi yawan gidaje da ice suke girki, yabon gatari tamkar yabon annoba ne. Tarihin shekara 40 da suka wuce bai goyi bayan wannan ba. Farfaɗowar itatuwa mafi girma da Nijar ta gani, wadda masu bincike suka ƙiyasta ta kai kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, ba daga gandun renon dashe ta fito ba. Daga sassaben zamani ta fito, dabarar da Tony Rinaudo da manoman Maradi suka yaɗa tun 1983: maimakon a share duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone, a zaɓi 'yan ƙwarara a bari, a datse sauran. Aikin nan da ƙarfe ake yinsa, kuma da mai kaifi, don dakusasshen baki na yage ɓawo ya bar rauni da ƙwari da ruɓa ke shiga. Haka shingayen dogonyaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE, sai da aka riƙa rage musu kai suka ba da sanduna da icen girki ba tare da an kashe su ba. Dokar gandun daji ta 2004 da dokar 30 ga Yuli 2020 kan renon tohon gona su ne ke faɗin me za a sara da wa ke da iko da icen. Gatari marar kyau bai taɓa ceton bishiya ba, illa dai ya wahalar da mai shi ya kuma ɓata reshen da ya taɓa.

Saura batun masu tarawa, wanda a nan ya juye. A Amurka tsofaffin gatura sun yi yawa ne saboda zarto mai inji ya sa an jingine su a ɗaki an manta. A Adar ƙarfe ba ya ritaya. Gatarin da ya cinye ya koma wuta ya fito tsitaka, ita ma in ta ƙare ta zama wuƙa ko basilla. Abin da ya tsira daga maƙera kuwa yanzu 'yan gwangwan na bi gida-gida suna saye a kan sikeli, kilo kaza kuɗi kaza, ba ruwansu da ko na tama ne da aka narka kafin zuwan Turawa. Ruwan gatarin tama na gaske, wanda akan gane shi da zane-zanen ƙazantar dutse da ke bin tsawon ƙarfen, ya fi Black Raven ƙaranci a duniya nesa ba kusa ba, don Kelly dubbai ya buga, shi kuwa wannan tanderun da ya haife shi ya mutu. Irinsa ne ya cancanci Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ko ɗakin ajiya a fadar Illela, kuma dokar kare kayan tarihi ta 30 ga Yuni 1997 ta hana a kwashe irin waɗannan kaya zuwa waje ba izini, har da gogaggun duwatsun nan da ake kira gatarin aradu, waɗanda gatura ne na mutanen zamanin dutse. Sai dai ƙarfen da ba a san garinsa da maƙerinsa ba rabin darajarsa ta tafi, ko a gidan tarihi. Wanda ke son tarawa a yankin nan, aikinsa na farko rubutu ne: daga wane gida, wa ya ƙera, da wane ƙarfe, a zamanin wane sarki, tun dattawan da suka ga narkar tama da idonsu suna raye.

Ita alamar maƙeri kuwa ba ta buƙatar tallafin kowace ƙungiya. Guntun sifirin ko tsohuwar kurfi ya isa a sassaƙa hatimi a bakinsa, harafin boko ko na ajami ko wani zane na gidan, irin yadda makiyaya ke yi wa raƙumansu. Ana buga shi ne ƙarfe na ja, kafin tsomawa, a faffaɗan gefe kusa da wutsiya inda dutsen wasa ba ya kaiwa, nesa da baki don kada ya zama mafarin tsaga. Dukan masaba ɗaya ne. Sarkin Maƙera ko reshen hukumar masu sana'ar hannu ta CMANI a Tawa ya riƙe littafi guda, kowace alama da sunan mai ita da garinsa, sannan mai alama ya yarda da sharaɗi ɗaya: in baki ya ɓalle ko ya lanƙwashe a kan ice kafin damina ta fita, a dawo masa da shi ya gyara ba ko dala.